Majalisar Gindin Dogon Yaro: Nazarin Abin da Ya Faru a Wata Masana'antar Casar Shinkafa a Jihar Kebbi

Ranar da motar ta dawo mana da kaya, ina ofis ina lissafin kuɗin gas. Tirela ce guda maƙare da shinkafarmu, buhu mai kilo 50, wadda muka tura wa wani dila a kudu mako guda kafin nan. Dilan bai ja magana ba a waya. Ya ce karyayya ta yi yawa, ga baƙar ƙwaya jefi-jefi, masu sari sun buɗe buhu biyu sun juya baya. Karo na biyu ke nan a wata ɗaya. Kuɗin mota zuwa da dawowa a wuyanmu, ga sunan da aka sha wahalar ginawa ya fara tsami a kasuwa.

Ni ne akantan wurin a lokacin. Da yake ba mu da jami'in kula da ma'aikata, littafin albashi da na hutu da na rance duk a kan teburina suke kwana. Shi ya sa Alhaji, mai masana'antar, ya ce in ajiye lissafi in zagaya in gano masa inda gizo ke saƙa. Abin da na gano ne zan shimfiɗa a nan. Ba zan kama sunan masana'antar ko na wani mutum ba, domin duk suna raye, wasu ma har gobe muna gaisawa.

Wurin da mutanensa

Masana'antar tana cikin waɗanda suka tsiro bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na bai wa manoman shinkafa rance. A ƙarshen 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice, haɗin gwiwar Kebbi da Legas, a 2017 kuma aka buɗe katafariyar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafar waje ta yi wuyar shigowa, duk mai injin casa ya ga kasuwa. Alhaji tsohon falke ne. Ya daɗe yana bin kasuwannin Jega da Bagudo da Kamba yana sayen shanshera, wato shinkafa mai ɓawo da ba a casa ba, yana kai wa masu inji a Kano, har ya gane cewa ribar tana hannun mai casa. Ya tattara abin da ya tara ya kafa tasa a bayan gari: tukunyar turara, injin busarwa, injin cire tsakuwa, na casa da na gogewa. Matsakaiciya ce, ba ta kai manya ba, ta kuma fi ƙarfin injin unguwa.

Wanda ya buɗe littafin albashina zai ce ga Jihar Kebbi a dunƙule. Jihar da aka yanko daga Sakkwato ranar 27 ga Agustan 1991 tana da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, kuma babu wadda ba ta da ɗa a cikin wannan littafi. Akwai Kabawa da Fulani, akwai Bagunge daga Yauri da ke tuƙa mana mota. Mai kula da tukunya da injin busarwa Badakkare ne daga ƙasar Zuru, Kirista, wanda ya yi shekaru yana wannan aiki a wata babbar masana'anta a Kano kafin sha'awar kusa da gida ta dawo da shi. Mai gyaran lantarki Bayarabe ne haifaffen Jega, Musulmi, wanda Hausarsa ta fi Yarabancinsa. 'Yan dako galibinsu Zabarmawa ne da Dendawa daga yankin Kamba, wasu ma daga tsallaken iyaka suke zuwa cin rani. Akwai mata masu tsinta daga wani ƙauye na kusa, suna zaune a rumfar baya suna fitar da baƙar ƙwaya da hannu, da yake ba mu da injin tace launi. Akwai kuma wani kurma mai ɗinkin bakin buhu, wanda ban taɓa ganin mai saurin hannunsa ba.

Alhaji yana alfahari da wannan. Yakan ce shi ba ya tambayar mutum garinsu, in dai ya iya aiki ya shigo. Gaskiya ya faɗa, haka abin yake a bakin ƙofa. Da mutum ya shigo ciki kuwa sai ya ga wani tsari da babu wanda ya rubuta shi. Ofis da sikeli da sito da sayen kaya suna hannun dangin Alhaji da 'yan unguwarsu. Manaja ɗan ƙanwarsa ne, matashi mai digiri, mai ƙoƙari, ba mugu ba ko kaɗan. Sauran jama'a suna inda zafi da ƙura suke.

Inda ake yanke magana

A gefen ɗan masallacinmu akwai wani babban dogon yaro. Da an sallame azahar sai a shimfiɗa tabarma, mai shayi ya kawo, a zauna kamar rabin awa. A nan ake jin wa zai yi aure, wa ke neman rance, nawa aka sayar da buhu a Jega. A nan kuma, ba tare da kowa ya shirya haka ba, ake yanke duk wata shawarar aiki: daga wa za a sayi shanshera, zubi nawa za a yi a rana, wa za a ƙara wa albashi. Ofis wurin sa hannu ne kawai.

Babu wanda aka taɓa kora daga wannan majalisa. Mai tukunya ba ya zama domin a lokacin shi ke gadin wuta, tukunya ba a barinta ita kaɗai, kuma da yake ba ya salla sai ya zama kullum shi ake bar wa. Mata ba sa zama, dalilin a bayyane yake. 'Yan dako suna salla tare da mu, amma da an sallame suke komawa bakin mota, tunda da buhu ake biyansu, kuma wasunsu Hausar ba ta zauna musu sosai ba. Mai lantarki yakan zauna a bakin tabarma, a tsokane shi da wasan Bagobiri da Bayarabe, ya rama, a yi dariya. Da an shiga maganar kuɗi sai murya ta sauka, shi ma ya gane ya tashi. Ni kuwa ɗan majalisa ne cikakke, da kofina na musamman.

Nan na fara bincikena, nan kuma aka fi saurin ba ni amsa. Wani ya ce matan nan hira suke yi ba tsinta ba. Wani ya ce 'yan dako ke jibge buhu a ƙasa suna farfasa ƙwaya. Manaja ya ce a rage wa sashen tukunya albashin wata guda, kowa zai shiga taitayinsa, sannan a fara tara kuɗin injin tace launi a sallami matan. Har na ɗauko biro zan rubuta haka, sai na tuna ban taɓa taka rumfar baya ba tunda na fara aiki.

Abin da haƙori ya sani

Shugabar matan wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna. Tun tana budurwa take turara shinkafa a gida tana kaiwa kasuwa. Na gaishe ta, na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ba ta ce komai ba. Ta sa aka ɗebo mata shanshera daga wadda ta fito injin busarwa, ta murje ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ta ɗaga ta saitin rana, sannan ta gartsa mata haƙori.

"Ɗana, wagga shinkafa wuta tac ci ta," in ji ta. "Ba a bari ta huta ba."

Ta ce su a gida in sun sauke daga tukunya sukan baza, su riƙa juyawa, kafin ta bushe ƙarau sai su tattara su rufe ta kwana, washegari a sake bazawa. Wanda ya yi gaggawa ya bar ta a rana mai zafi tun safe har yamma, a turmi zai ga sakamako. Ta ce ta fi wata biyu da lura da haka. Na tambaye ta wa ta faɗa wa. Ta dube ni kamar na tambaye ta hanyar Makka a ƙafa, ta ce su da ba su tsallake wancan buhun da aka rataya a matsayin labule, wa za su faɗa wa?

Da dare na je wurin mai tukunya. Na same shi zaune kan bulo, hasken wutar buntu yana dukan fuskarsa. Da na fara zagaye-zagaye sai ya tashi ya ɗauko wani littafin makaranta daga cikin jakarsa. A ciki ya rubuta kowane zubi: lokacin da aka jiƙa, lokacin da aka turara, zafin injin busarwa, da abin da na'urar gwajin danshi ta nuna. Babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda ya taɓa gani.

Bayaninsa da na Inna ɗaya ne, sai dai nasa da lambobi. Ana jiƙa shanshera a ruwan zafi na wasu awoyi, a turara ta da tururi, sannan a busar har danshinta ya sauka kusan kashi 14 cikin ɗari kafin a casa. In aka ƙure wuta don a gama da wuri, jikin ƙwayar na waje ya bushe cikinta yana jiƙe, sai ta tsage tana cikin ɓawonta, ido ba ya gani. Da ta shiga injin casa sai ta rabe. Maganin abin shi ne a busar a zango biyu, a bar ta ta huta a tsakani, danshin ciki ya fito ya daidaita. Wannan hutun ne manaja ya soke, domin a samu zubi uku a rana maimakon biyu, a rage kuɗin gas da janareta ke sha. Niyyarsa mai kyau ce, lissafinsa ma a takarda daidai yake, ni kaina na duba masa shi.

Akwai matsala ta biyu. Mai sayo mana kaya, wanda shi ma ɗan majalisa ne, ya koma haɗo shanshera mai araha daga kasuwa uku ko huɗu, doguwa irin Faro 44 da gajera mai kauri duk a buhu ɗaya. Ba su shan ruwa lokaci guda. Kafin mai kaurin ta jiƙu, siririyar ta kumbura ta fashe. In aka bi ta siririyar, mai kaurin ta fito da farin ciki, wato tsakiyar ƙwayar ta zauna fara, wanda a sana'ar nan shi ne baƙin cikin mai inji.

Na ce masa, to Malam, duk ka san wannan, me ya hana ka magana?

Ya ce ya yi. Ranar da aka kawo sabon tsarin ya bar yaronsa a bakin wuta ya zo har gindin dogon yaro ya ce wa manaja a yi hattara. Manaja ya yi murmushi ya ce, "Mi Badakkare yas sani ga shinkafa? Ku da kunka tashi ga dawa." Majalisa ta fashe da dariya.

"Oga akanta, kai ma kana wurin," in ji shi. "Ka yi dariya."

Jikina ya yi sanyi, domin na tuna. A lokacin na ɗauka wasa ne irin wanda muka saba. Amma wasan ƙabilu yana da ƙa'ida: Bafulatani ya taɓa Babarbare, Babarbare ya rama, a tashi babu wanda ke bin wani bashi. Ma'aikacin da ya zo da shawarar aiki, maigidansa ya mayar da shi abin dariya a gaban jama'a, da wane baki zai rama? Daga ranar ya koma yin abin da aka ce, iyakar abin da aka ce. An ce zubi uku, yana ba da zubi uku. Littafin kuwa ya ci gaba da rubutawa ne domin ranar da za a ɗora masa laifi.

'Yan dako ma suna da nasu. Shugabansu ya ce min, ta bakin wani yaro mai yi mana tafinta, buhun da aka ɗure da danshi a wuya ake jinsa, yana da ɗumi kamar mai zazzaɓi, ga wani wari. Irin wannan ce ke haifar da baƙar ƙwaya. Sun taɓa gaya wa mai sito, ya ce dabarar gudun aiki ce. Kuma duk ranar da buhu ya ɓace, su kaɗai ake lalube a bakin ƙofa, alhali makullin sito ba a hannunsu yake ba. Wanda ake lalube wa aljihu kowane mako ba zai tsaya yi maka gadin dukiya ba.

Abin da littattafaina suka nuna

Na koma ofis na buɗe littafin zuwa aiki, ina tsammanin zan ga fashi da makara. Ban gani ba. Mai tukunya bai taɓa fashi ba, matan suna zuwa tun kafin rana ta ɗaga. Da a ce da wannan ma'auni ake auna jajircewar ma'aikaci, da an ba su lambar yabo. Abin da suka janye shi ne wanda albashi ba ya saye: ido mai lura da bakin da zai ce ga matsala. Sashen da ya fi kowa sanin shinkafa shi ne wanda ya fi kowa nisa da inda ake yanke magana a kanta.

Littafin rance ya fi ba ni kunya, domin rubutun hannuna ne. 'Yan majalisa in sun nemi rance, ranar suke samu, galibi Alhaji ko manaja ne zai ce min a kan tabarma, ka ba wane kaza. Sauran sai sun rubuto takarda, ta kwana biyu, ta yi mako, wani lokaci a ce a jira ƙarshen wata. Na ga inda matar mai tukunya ta kwanta asibiti ya nemi rabin albashinsa, bai samu ba sai bayan an sallame ta. Babu wanda ya zauna ya ƙulla masa wannan. Takardarsa ce kawai ba ta da mai tunatarwa a gindin bishiya.

Haka batun ibada. Ranar Juma'a inji na tsayawa mu tafi masallaci, shi ya tsare wuta. Ranar Lahadi ana aiki, babu mai tsare masa. Kirsimeti kuwa tana faɗowa a tsakiyar kakar shinkafa, lokacin da oda ta fi yawa, don haka shekara biyu a jere a bakin tukunya ya yi ta, ballantana a yi maganar zuwa gida bikin Uhola, bikin gargajiya na Dakarkari. Da salla ana ba shi shinkafa kamar kowa, shi ya sa muke ganin mun yi adalci.

Wani zai tambaya, doka fa? Kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 14 ya ce a riƙa la'akari da bambancin jama'a wajen rabon muƙaman gwamnati, a tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, kuma tun 1996 akwai hukumar da ke sa ido kan daidaiton rabon a ma'aikatun gwamnati. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a hukumomin gwamnati. Waɗannan duk ƙidayar kawuna ce a bakin ƙofa, kuma ba su hau kan injin Alhaji ba. Ko da sun hau, da mun ci jarrabawar cikin sauƙi. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ta tsame waɗanda ake biya da yawan aikin da suka yi, wato dai matanmu da 'yan dakonmu. Wadda ta shafe mu kai tsaye ita ce dokar ƙwadago, da ta bai wa mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, kuma ban taɓa jin an ambace ta a wurin ba.

Abin da aka gwada

Na kai wa Alhaji rahoto a gidansa bayan isha'i, ba a majalisa ba, na ajiye masa littafin mai tukunya. Ya daɗe yana juya shafukan duk da ba ya karanta boko sosai. Abin da ya fi taɓa shi maganar Inna ce, domin mahaifiyarsa ma sana'arta ke nan.

Abu biyu na farko da muka yi duk sun faɗi. Manaja ya kawo shawarar akwatin ƙorafi, aka kafa shi a bakin ofis. Wata guda aka buɗe, babu komai sai takardar alewa. Rabin ma'aikatan ba sa rubutu, masu yi kuma sun san za a gane hannunsu. Sai aka shirya walimar haɗin kai, aka yanka rago, aka yi jawabin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya ɗebi namansa ya koma cikin 'yan'uwansa ya ci, mata kuma aka aika musu nasu a bayan labule.

Abin da ya yi aiki ba shi da armashi ko kaɗan. Alhaji ya ce daga yau maganar aiki a bakin sikeli za a riƙa yinta, da safe, a tsaye, minti goma. Ya kuma kafa sharaɗi guda wanda a ganina shi ne ƙashin bayan komai: daga ƙasa ake farawa. Shugaban 'yan dako ya faɗi yadda ya ji kayan jiya, yaronsa na fassarawa. Inna ta zo da ƙwaya a faranti ta nuna. Mai tukunya ya karanta lambobinsa. Manaja ne na ƙarshe. Dalilin a fili yake: in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, a ƙasar nan wa zai ɗaga murya ya ce ba haka ba? Makon farko Inna ba ta iya buɗe baki ba a gaban maza, faranti kawai take miƙawa tana sunkuyar da kai. Sai da Alhaji ya riƙa tambayarta da kansa, yana ce mata Yaya, kafin ta saba.

An ba mai tukunya ikon ya ƙi karɓar duk motar da danshinta ya wuce ƙima ko aka gauraya iri, kuma aka mayar da hutun busarwa. Rance ya koma layi: wanda ya riga rubuta suna shi ke riga samu, sai in rashin lafiya ce. An koya wa wani matashi Bakabe tsaron tukunya domin ya riƙe safiyar Lahadi. An daina lalube 'yan dako, aka ba shugabansu kati yana ƙirga buhu tare da mai sito, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. An gina wa mata bayan gida nasu, abin da sai a lokacin na san ba su da shi, Inna kuma aka mayar da ita mai albashin wata. Mai lantarki ya ɗaura wa kurma jan ƙwan fitila da ke kamawa in za a tada inji, domin ƙararrawar da muke bugawa ba ta taɓa yi masa amfani ba. Shekara da shekaru yana aiki kusa da bel ɗin inji yana kallon ƙafafun mutane don ya gane ko an tada.

Ba a sha da daɗi ba. Ranar da mai tukunya ya mayar da motar farko, mai sayo kaya ya yi tsalle ya dire, magana ta zagaya gari cewa Alhaji ya damƙa wa wanda ba ya salla dukiyarsa ya wulaƙanta 'yan'uwa. Manaja ya je har gida ya ce, "Kawu, ka zubar min da girma gaban leburori." Wannan ƙorafin nasa yana da ƙamshin gaskiya, kuma ina ganin mun yi kuskure da ba a zauna da shi shi kaɗai ba kafin a sanar. Limamin masallacinmu ne ya kashe wutar ta farko. Wata rana bayan la'asar ya tunatar da mu cewa lokacin Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna masa hanya, alhali mutumin bai musulunta ba, saboda ya san hanyar kuma yana da amana. Bai ƙara komai a kai ba. Surutun bai mutu ba, amma ya koma ƙasa-ƙasa.

Abin da ya biyo baya

Karyayya ta ragu sosai, har dilan kudu ya dawo da kansa. Ba zan ce duk taron bakin sikeli ne ya jawo ba, domin lokacin ya zo daidai da shigowar sabuwar shinkafar rani, wadda ta fi tsabta da bushewa. Zubi ya koma biyu, kuɗin gas a kan kowane buhu ya ɗan hau, amma buhun da ba a dawo da shi ba ya rufe wannan har da rara.

Abin da ya fi gamsar da ni ba a lissafi yake ba. Wata rana cikin dare hadari ya taso ba zato, ga shanshera a baje a filin shanya. Maigadi ya ce kafin ya gama neman lambar manaja, sai ga mai tukunya a kan babur, ba ranar aikinsa ba ce, ya tashi 'yan dako daga inda suke kwana, suka ja tamfol suka rufe. Babu wanda ya nemi ko kwabo. Da kaka ta zagayo, shugaban 'yan dakon ya dawo da mutanensa iri ɗaya, alhali da can kowace shekara sai mun nemi sababbi mun koya musu. Inna ta fara kawo shawarar da ba a tambaye ta ba, har ta sa aka raba karyayyar gida biyu, manya a sayar wa masu tuwo da waina, ƙanana a haɗa da dusa.

Mun yi rashi kuma. Mai lantarki ya ajiye aiki ya koma wata masana'anta a wata jiha. Da ya zo sallama na tambaye shi dalili, tunda yanzu abubuwa sun gyaru. Ya ce an haife shi a Jega, a Jega aka binne kakansa, amma ya san ko zai shekara ashirin a nan ba zai taɓa riƙe makullin sito ba, balle kujerar manaja. A ba shi dama ya yi magana da safe abu ne mai kyau, in ji shi, amma shi yana da 'ya'ya, yana son ya san inda tsani ya nufa. Ban sami abin ce masa ba. Bayan tafiyarsa inji ya kwana uku a tsaye kan wata matsalar da shi da ido yake ganota.

Wannan ce ta sa na rubuta wa Alhaji shawara ta ƙarshe kafin ni ma in bar wurin: a raba aikin manaja gida biyu, ɗan ƙanwarsa ya riƙe kasuwanci da kuɗi, inda ya fi ƙwarewa, mai tukunya ya zama shugaban sashen sarrafawa, da ofishinsa da albashinsa. Alhaji ya sa na karanta masa sau biyu. Ya ce shawara ce mai kyau, amma in yi la'akari da cewa yaron nan ɗan ƙanwarsa ne, kuma uwarsa tana raye. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ce a bari a gama kaka.

Kwanakin baya na bi ta wurin da hantsi. Ana nan ana tsayuwar bakin sikeli, Inna da farantinta, yanzu har da wata matashiya da take koya wa. Mai tukunya ya ga motata ya ɗago min hannu daga nesa, littafinsa a hammata. An yi kaka biyu tun ranar da Alhaji ya ninke takardar. Na tambayi sabon akanta ko an yi wani abu a kai, ya ce shi bai san da wata takarda ba, sannan ya ja ni zuwa gindin dogon yaro, ya ce shayi ya kusa nuna.